Hukuncin Ma'aikacin Da Ke Fatan Karyewar Wurin Aikinsa

 

A makon jiya bayan mun tashi daga karatun magariba, wani almajirinmu ya dakata a zaure har jama'a suka watse, sa'an nan ya ce, "Allah gafarta Malam, ina da tambaya." Ya ce a masana'antar da yake aiki an yi ragin ma'aikata, aka sallami abokan aikinsa masu yawa rana ɗaya, ba tare da sanarwa ba, kuma har yanzu ba a ba su kuɗin sallama ba. Tun daga ranar, waɗanda suka rage ba su da wata hira sai ta fatan Allah Ya karya kamfanin. In suka ji ciniki ya ɓaci sai murna, in inji ya lalace sai a kau da kai. Wasu ma sun haɗa kuɗi za su kai wa wani malami ya roƙa musu Allah a rufe wurin. Ya ce, "Shin wannan ya halatta, tun da an zalunci 'yan'uwanmu?" Mun ga ya kamata mu kawo amsar a wannan fili, domin mun san ba shi kaɗai ke ɗauke da wannan tambaya ba.

Da farko dai, ba za mu ce da wanda aka zalunta ya yi shiru ba. Aya ta 148 ta Suratun Nisa'i ta yi wa wanda aka zalunta rangwame ya bayyana abin da aka yi masa. Haka kuma sa'ad da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aiki Mu'azu ɗan Jabalu zuwa Yaman, cikin abin da ya gargaɗe shi har da tsoron addu'ar wanda aka zalunta. Saboda haka mutumin da ya yi shekara da shekaru yana aiki, aka kore shi aka riƙe haƙƙinsa, in ya ɗaga hannu ya kai ƙara wurin Ubangijinsa, babu malamin da zai hana shi. Amma malamai sun yi wa wannan izini iyaka. Addu'ar ta tsaya kan wanda ya yi zaluncin, kuma gwargwadon zaluncin. Wanda aka cuta da albashin wata uku, ya roƙi a ƙone dukiyar da mutum ɗari suke cin abinci a cikinta, ya ƙetare iyaka, ya koma sahun wanda yake ƙara.

Abin da ya kamata mai wannan fata ya tambayi kansa shi ne, in Allah Ya karɓa, a kan wa ginin zai faɗa? Mu da muka san Kaduna ba sai an ba mu labari ba. An buɗe masaƙar Kaduna, watau KTL, a 1957, sauran masaƙu suka biyo bayanta, har unguwar Kakuri ta zama wurin da dubban magidanta ke samun tuwo. KTL ta tsaya a 2002, masaƙar UNTL kuma ta rufe ƙofarta a 2007. Ba mu ce fatan ma'aikata ne ya rufe su ba. Sanadin sananne ne: ƙarancin wutar lantarki, da tsadar man injuna, da tsufan injunan su kansu, da yadin da ake fasa-ƙwaurinsa daga waje. Abin da muke so a duba shi ne wanda ya sha wahala bayan rufewar. Ma'aikatan KTL sun shafe shekaru suna zirga-zirgar neman haƙƙinsu, da yawa suka riga mu gidan gaskiya ba su karɓa ba, suka bar matan takaba da marayu suna bin sawu. Mai sayar da abinci a bakin ƙofa, da mai gidan haya, da manomin audugar da ake saye a hannunsa, kowa ya ɗanɗana. Haka aka yi da kamfanin jiragen sama na Nigeria Airways, wanda aka rushe a 2003. A 2018, shekara 15 bayan haka, gwamnati ke sakin wani kashi na ragowar haƙƙoƙin ma'aikatansa.

To, kamfanin da yake tsaye ana iya kai shi ƙara a karɓo haƙƙi, ana iya matsa masa ya mayar da wanda ya kora in kasuwa ta gyaru. Wanda ya mutu kuwa, sai a raba kufai tsakanin masu bin bashi, kuma kowa ya san lebura ba shi ne mai ƙarfin murya a wurin rabon ba. Ashe mai roƙon karyewar kamfani domin tausayin abokinsa da aka kora, yana roƙon a toshe hanyar da za a biya abokin nan ke nan bai sani ba. Mai dukiya galibi yana da wata dukiyar a wani wuri. Tsuntsun da ya ja ruwa kuwa shi ruwa kan doka.

Imamu Muslim ya ruwaito daga Jabiru cewa Manzon Allah ya hana mutum yin mummunar addu'a a kan kansa, ko 'ya'yansa, ko dukiyarsa, don kada ta dace da lokacin karɓa. Wurin da kake samun abincin iyalinka, in ka lura, yana kusa ƙwarai da waɗannan ukun. Akwai kuma misalin jirgin ruwa da Imamul Buhari ya ruwaito daga Nu'umanu ɗan Bashiru, na mutanen ƙasan jirgi da suka so huda rabonsu don su ɗebi ruwa. Asalin misalin a kan hani da mummuna ne, amma darasinsa ya game: hujin da aka yi a gefe ɗaya, jirgin duka yake nutsarwa.

Sai kuma maganar wanda bai rasa aikinsa ba, yana karɓar albashi kowane wata, zuciyarsa kuwa tana tare da karyewar wurin. Wannan lamarinsa ya fi nauyi. A fiƙihu abin da ke tsakaninsa da mai aikin sunansa ijara, ƙulli ne da ya lazimci ɓangarori biyu. Sa'o'in da aka yi yarjejeniya a kansu ba nasa ba ne, ya sayar da su, kayan aikin da ke hannunsa kuma amana ce. A Suratul Ƙasasi, sa'ad da aka ɗauki Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, aikin shekara takwas ko goma a Madyana, siffa biyu aka yabe shi da su: ƙarfi da amana. Mugun fata kuwa ba ya zama a zuci kawai. Yau mutum ya ga ɓarna ya kau da kai, gobe ya yi lalaci da gangan, jibi ya fitar da asirin wurin ko ya ɗauke kaya yana cewa ramuwa ce. A ƙarshen wata ya karɓi albashi cikakke a kan aiki tauyayye. Malamai da yawa sun shigar da irin wannan cikin tauye mudu da Suratul Muɗaffifina ta yi narko a kansa. Da wannan kuɗin zai ciyar da 'ya'yansa, da shi zai sayi ragon layya. Wanda ya ga ba zai iya riƙe amanar wuri ba, ya ajiye aikin da mutunci ya fi masa alheri duniya da lahira.

Ba za mu rufe ba sai mun juya ga masu dukiya da manajoji, domin in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ragin ma'aikata a lokacin matsi ba haramun ba ne, riƙe haƙƙi shi ne haramun. A hadisi ƙudusi da Buhari ya ruwaito daga Abu Huraira, an ambaci mutum uku da Allah da kanSa zai yi husuma da su ranar alƙiyama, ɗayansu shi ne wanda ya sa ɗan ƙodago aiki, ya karɓi aikin cikakke, ya hana shi ladansa. Dokar ƙasa ma ba ta bar abin haka ba. Sashe na 20 na Dokar Ƙwadago ta Nijeriya ya wajabta wa mai aiki ya sanar da ƙungiyar ma'aikata dalilin ragin da yawansa, ya bi ƙa'idar fara sallamar wanda ya shigo daga baya tare da duba cancanta, ya kuma yi iyakar ƙoƙarinsa wajen daidaitawa a kan kuɗin sallama. Wanda ya liƙa sunaye a allo da safe, ya sa mai gadi ya tare magidanci a ƙofa gaban yaransa, kada ya yi mamakin abin da zai tsiro a zukatan waɗanda suka rage.

Ga abin da muka ce da almajirinmu. Kuɗin nan da aka haɗa don a kai wa malami, a kai wa iyalan waɗanda aka kora, ko a ɗauki lauya da shi. A bi ta ƙungiyar ma'aikata, in ta ƙi ci a tafi Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda don irin wannan aka kafa ta. Wanda ya shaida zalunci ya ba da shaida ko da zai ɓata wa manaja rai. In za a yi addu'a, a roƙi Allah Ya karɓa wa mai haƙƙi haƙƙinsa, Ya shiryi azzalumi ko Ya kare bayinSa daga sharrinsa, Ya bar ƙofar abincin jama'a a buɗe. Malamin da zai karɓi kuɗi don ya roƙi rufe wannan ƙofa kuwa, muna yi masa nasiha ya ji tsoron Allah.

Wannan shi ne abin da ya sawwaƙa, Allah ne Mafi sani. Allah Ya ba mu halaliyarmu, Ya tsare mu daga cin haƙƙin wani.