Idan Abokin Gaba Ya Sauya Hali

Shekara kusan 40 hafsoshin Amurka suka yi suna shirin yaƙi guda: tankokin Tarayyar Sobiyet su keto ta mashigar Fulda a Jamus, su kuma su tare su. A kan wannan lissafi aka gina kasafin kuɗi da atisaye, har da irin jiragen da ake ƙerawa. Kwatsam sai ga Mikhail Gorbachev ya hau mulkin Sobiyet a Maris 1985, ya sakar wa 'yan jarida mara, ya shiga yi wa tattalin arziki garambawul.

A Disamba 1987 shi da shugaban Amurka Reagan suka sa hannu kan lalata makamai masu linzami masu matsakaicin zango. Shekara na zagayowa Gorbachev ya tsaya a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce zai rage sojoji 500,000, bai jira Amurka ta rage ko ɗaya ba. Amma Pentagon, ma'aikatar tsaron Amurka, ba ta yi guɗa ba. A 1989 ministan tsaro Dick Cheney ya fito fili ya ce Gorbachev ba zai kai labari ba, kuma magajinsa na iya fin sa zafi.

An yi wa Cheney ca, amma ni ina ganin yana da hujja. Mai tsara yaƙi tankoki yake ƙirgawa, domin niyyar shugaba na iya juyewa cikin dare guda, ƙera jirgin yaƙi kuwa sai a ci shekara goma. Ai a Agusta 1991 masu ra'ayin riƙau sun tsare Gorbachev a Kirimiya, saura ƙiris su ƙwace mulki.

A Amurka, Janar Colin Powell ne ya riga sauran gane cewa tsohon tsarin ya mutu. Ya kawo shirin zaftare kashi 25 cikin ɗari na rundunar Amurka, a koma shirin yaƙe-yaƙen yankuna. Shugaba Bush ya bayyana sabuwar alƙiblar ranar 2 ga Agusta 1990, ranar da Iraƙi ta mamaye Kuwaiti.

Inda nake ganin laifi shi ne bayan Sobiyet ta wargaje a Disamba 1991. Jirgin ƙarƙashin teku Seawolf don farautar jiragen Sobiyet Amurka ta tsara shi, da niyyar ƙera guda 29. A 1992 Bush ya nemi a tsaya a na farko, majalisa ta ce atafau, domin ma'aikatan da ke ƙera shi a Groton ta jihar Connecticut masu jefa ƙuri'a ne. Sai da aka ƙera uku.