Batir ya mutu, doka na nan daram

A shekarar 1993 kamfanin Capcom na Japan ya fitar da wani allon lantarki mai suna CPS-2, wanda ake sakawa cikin manyan akwatunan wasan bidiyo da ake jefa wa kwabo a shaguna. A kansa aka gina Super Street Fighter II da Marvel vs. Capcom. Don maganin masu buga jabu, kamfanin ya kulle manhajar kowane wasa, ya ajiye mabuɗin a wata 'yar ma'ajiya da ƙaramin batir ke raya ta. Ranar da batirin ya mutu, mabuɗi ya goge, akwati ya koma katako da gilashi.

Ba kamfanin ne ya ceci waɗannan wasanni daga halaka ba. Masu sha'awa ne, irin su Nicola Salmoria, wanda ya ƙirƙiro manhajar MAME a 1997 don kwamfuta ta riƙa kwaikwayon tsofaffin akwatuna. A 2007 shi da Andreas Naive suka warware sirrin makullin CPS-2. Amma a idon dokar Amurka, irin wannan aiki abin tuhuma ne. Sashe na 1201 na dokar DMCA ta 1998 ya haramta karya makullin da ke tsare manhaja, ko da mai karyawar shi ya sayi na'urar da kuɗinsa, ko da kuwa babu kwafi ɗaya da ya sayar.

Masu kare dokar sukan ce ai akwai togaciya. Gaskiya ne, duk bayan shekara uku Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka yakan yi wasu togace-togace, kuma tun 2003 Internet Archive ta samu ɗaya game da wasannin da na'urorinsu suka shuɗe. To amma wace irin togaciya? An yarda ɗakin karatu ko gidan tarihi ya buɗe makulli ya adana wasan, da sharaɗin kada ya bar harabar ginin. Malamin jami'a da ke nazarin tarihin waɗannan wasanni, ko a Kano yake ko a Tokyo, sai ya nemi kuɗin jirgi zuwa wuri irin gidan tarihin Strong da ke Rochester a jihar New York. An ba shi hannun riga, an riƙe rigar.

An nemi a sassauta wannan sharaɗi, don masu bincike su duba wasannin ta intanet, amma a watan Oktoba na 2024 Ofishin Haƙƙin Mallaka ya ƙi. Abin mamaki, tun 2021 an amince da haka ga sauran tsofaffin manhajoji; wasa kaɗai aka ware. Hujjar ƙungiyar kamfanonin wasanni, wato ESA, ita ce mutane za su fake da bincike su yi ta wasa don nishaɗi, kasuwa ta lalace. Wace kasuwa? Binciken da Video Game History Foundation ta fitar a 2023 ya nuna kashi 87 cikin 100 na wasannin da aka fitar a Amurka kafin 2010 ba a sayar da su yanzu. Ba a kashe kasuwar da mai kaya da kansa ya tashi. Kuma babu wanda ya taɓa rufe ɗakin karatu don wani ya ji daɗin littafin da ya ara.

Amurka ta san ƙarshen irin wannan sakaci. Rahoton da wannan Ɗakin Karatu da kansa ya fitar a 2013 ya ce kusan kashi 70 cikin 100 na dogayen finafinan ƙasar marasa magana sun ɓace gaba ɗaya.

Zama na gaba kan togace-togacen sai 2027. Haƙƙin mallakar kamfani kuwa shekara 95 yake yi a Amurka, don haka na Super Street Fighter II sai ƙarshen 2088 zai ƙare.