Ta Wace Hanya Musulunci Ya Iso Gulbin Maraɗi?

Akwai maganganu biyu da suke yawo a garin nan na Maraɗi, a fadojin matasa inda ake shan shayi, a saƙonnin WhatsApp, wani lokaci ma har a bakin masu wa'azi. Ta farko ita ce wai da takobi Musulunci ya yaɗu a duniya. Masu sukar addini suna faɗin ta don aibatawa, wasu ƴaƴanmu kuma suna faɗin ta don alfahari. Ta biyu ta fi taɓa mu: wai a 1804 Musulunci ya shigo ƙasar Hausa, kuma waɗanda suka kafa Maraɗi da Tsibiri gudun addini suka yi. Duka biyun kuskure ne, kuma tushensu ɗaya: an cakuɗa tarihin mulki da tarihin imani, alhali kowanne da irin tafiyarsa.

Mulki gudu yake yi. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi hijira a 622, ya yi wafati a 632. Shekara huɗu bayan nan, a 636, rundunar Musulmi ta karya Rumawa a Yarmuk, ba a jima ba ta karya Farisawa a Ƙadisiyya. Zuwa 642 Amru ɗan Asi ya gama da Masar. A 670 Uƙuba ɗan Nafi'u ya kafa birnin Ƙairawan a Tunisiya ta yau. A 711 Ɗariƙu ɗan Ziyadu ya ƙetare teku ya shiga Andalus. Cikin ƙasa da shekara ɗari daular Banu Umayya, mai hedikwata a Dimashƙa, ta miƙe tun daga bakin kogin Sindu har tekun Atlantika. Wannan yaƙi ne, babu mai musu.

Amma cin ƙasa daban, musuluntar mutanenta daban. Masar ta shekara ɗaruruwa a hannun sarakunan Musulmi kafin Musulmi su zama mafi rinjaye a cikinta, kuma har gobe akwai miliyoyin Kiristoci Kibɗawa a can. Wasu gwamnonin Banu Umayya ma ba su so mutane su riƙa musulunta da yawa, saboda jiziya za ta ragu, har suka ci gaba da karɓar ta daga sababbin tuba. Sai da Umaru ɗan Abdul'azizu, wanda ya yi halifanci daga 717 zuwa 720, ya hana wannan zalunci, ya kuma tura malamai goma daga cikin tabi'ai zuwa Afirka ta Arewa su karantar da Barbarawa. Ga Indunusiya nan, ƙasar da Musulminta suka haura miliyan 200, babu wata rundunar Larabawa da ta taɓa cin ta. Jiragen fatake ne suka kai mata addini.

Ƙasarmu ma shaida ce. Marubutan tarihi na Larabawa sun ce wajen shekara ta 666 Uƙuba ya kutsa Sahara har Kawar, yankin Bilma na yau. Ya ɗora musu haraji ya juya, bai bar daula ba, bai bar makaranta ba. Sai da aka yi wajen shekara 400 kafin Mai Hume na Kanem ya karɓi Musulunci a ƙarshen ƙarni na 11. Cikin waɗannan shekaru ayarin raƙuma ne yake kai da komo, da gishiri da zinariya da tufafi da bayi, kuma a cikin ayarin akwai masu salla. Al-Bakri, wanda ya yi rubutu a Andalus a 1068, ya bayyana babban birnin daular Gana a matsayin gari biyu: na sarki, wanda yake kan addininsa na gargajiya, da na Musulmi mai masallatai 12. Sarkin bai musulunta ba, amma tafintocinsa da ma'ajinsa da yawancin waziransa Musulmi ne, domin su ne suka iya rubutu da lissafi, kuma su aka yarda da amanarsu. Ta wannan ƙofa addini ya shiga fadoji.

A 1353 Ibn Baɗuɗa ya sauka a Takadda, wajen Ingal, ya ga tagullar da ake kai wa Gobir, ya kuma ambaci Gobir cikin ƙasashen da ba su musulunta ba tukuna. Tarihin Kano ya ce a zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385, Wangarawa suka zo daga Mali da addini. A Katsina kuwa, wadda ita ce uwar Maraɗi, Muhammadu Korau na ƙarni na 15 shi aka sani da sarkin farko Musulmi. Wajen 1492 Shehu Magili ya taso daga Tuwat ya bi ta Ayar ya zo Kano da Katsina, ya rubuta wa Sarki Muhammadu Rumfa littafin da ke bayanin wajiban sarki. Imam Suyuɗi daga Alƙahira ya aiko da wasiƙar nasiha ga sarakunan ƙasashen nan, har da Ibrahim na Katsina da sarkin Agadas. A ƙarni na 17 Katsina tana alfahari da Ɗan Marina da Ɗan Masani. Hasumiyar Gobarau tana nan tsaye ga mai son gani da ido. Ke nan kafin a haifi Shehu Usmanu, gidan sarautar da ya zo ya kafa Maraɗi ya yi kusan shekara 300 yana da limamai da alƙalai da masallacin Juma'a.

Wanda bai gamsu da wannan ba, ya shiga zauren wani malami a Limanci ko Bagalam bayan sallar asuba ya zauna. Zai ga yaro ya ɗora allo a cinya, yana tsoma alƙalamin gamba cikin tawada, yana ɗiga wa harafin fa ɗigo ɗaya a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama. Ba haka ake rubuta su a Makka ko Bagadaza ba, wannan hannun Magrib ne. Ƙira'ar da yaron yake rerawa ta Warshu ce, wanda ya rayu a Masar. Idan magidanta suka zo ɗaukar karatu, malam zai buɗe Ahalari, wanda malamin Aljeriya ne na ƙarni na 16. Bayansa Risala ta Ibn Abi Zaidi, mutumin Ƙairawan, wanda ya rasu a 996. Masu nisa suna kan Muhtasar na Halilu, Bamisire, da Ashafa ta Alƙali Iyal na Sabta a Magrib, wanda ya rasu a 1149. Ishiriniyar da ake rerawa a daren Mauludi, Alfazazi ne ya tsara ta, mutumin Andalus. Na fiƙihun cikinsu duk suna komawa ga Imam Malik na Madina, mai Muwaɗɗa. Ka jera littattafan nan a kan buzu, ka ga hanyar da addini ya biyo: Madina, Masar, Ƙairawan, Magrib da Andalus, Sahara, Agadas, Katsina, Maraɗi. Babu sunan sarkin yaƙi ko ɗaya a cikin jerin.

To, me ya faru a 1804? Gyara ne da juyin mulki a cikin al'ummar da ta riga ta san Musulunci. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ɗan ƙasar Gobir ne, an haife shi a Maratta a 1754, a cikin Nijar ta yau, kuma babban malaminsa shi ne Malam Jibrilu ɗan Umaru na Agadas. Ya fara wa'azi yana da shekara 20, ya shekara 30 yana yawon karantarwa a Gobir da Zamfara da Kabi kafin hijirar Gudu. Abin da ya tsaya a kai gaskiya ne: harajin zalunci, sayar da ƴaƴan Musulmi, cakuɗa addini da tsafi a fadoji, barin mata cikin jahilci. Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo da kansa ya girmama shi, ya ba shi izinin wa'azi. Da yaƙi ya ɓarke, Katsina ta faɗi a 1807, Alƙalawa, babban birnin Gobir, a 1808. Ɗan Kasawa ya tattara ragowar gidan sarautar Katsina ya zauna a Maraɗi wajen 1819. A Gawakuke, a 1836, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ci nasara, aka kashe Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsinan Maraɗi Rauda. Bayan nan ne sabon Sarkin Gobir Mayaƙi ya kafa Tsibiri da taimakon Ɗan Mari, sabon Sarkin Katsinan Maraɗi. Waɗannan mutane sun zo da limamansu da alƙalansu. Sarautar da aka karɓe musu suke faɗa a kanta, ko da yake gaskiya ne a fadojinsu akwai bori, Inna a Tsibiri da Iya a Maraɗi suna da faɗa a ji.

Ko a wancan zamanin malamai sun yi saɓani a kan hukuncin irin waɗannan sarakuna. Shehu Muhammadul Amin Alkanemi na Barno ya yi musayar wasiƙu da Muhammadu Bello, yana kafa hujja da cewa mutanen da suke salla da azumi da zakka, saɓonsu ba ya fitar da su daga addini. Bello ya mayar da martani da nasa hujjoji, kuma adalcinsa ya sa ya adana maganar abokin jayayyarsa a cikin littafinsa Infaƙul Maisuri. Idan manyan malamai biyu na zamanin sun yi muhawara da alƙalami a kan wannan, ban ga dalilin da zai sa wani a yau ya yanke wa kakannin miliyoyin mutane hukunci da baki ɗaya a cikin saƙon murya na minti uku ba.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne abin da ya biyo baya. Duk tsawon ƙarni na 19 ana gwabzawa tsakanin Maraɗi da Katsina, Sarkin Katsinan Maraɗi Ɗan Baskore ya kai hare-hare har cikin ƙasar Kano, amma a ƙauyukan gulbi Anna, masu addinin gargajiya, suna nan da al'adunsu na noma da farauta. Dawakin kowane ɓangare ba su musuluntar da su ba. Sai a ƙarni na 20, da hanyoyi suka buɗe, cinikin gyaɗa ya bunƙasa, alhazan Maraɗi suka riƙa gina masallatai suna ɗaukar nauyin malamai, almajirai suka riƙa tafiya Kano da Zariya suna dawowa da karatu, sannan ƙauye bayan ƙauye ya shiga sahu. Sannu ba ta hana zuwa. Yadda aka yi a Masar da Gana da Kanem, haka aka yi a nan.

Wannan tarihi yana da amfani ga zamanmu na yau. Ku dubi dattijon da yake noman zogale a fadamar Jiratawa. Azahar ta yi, ya ɗauraye laka daga ƙafafunsa, ya yi alwala da ruwan ban-ruwa, ya tsaya a gindin bishiya ya saki hannuwansa ya kabbarta. Wani yaro da ya saurari kaset biyu ya ce masa sallarsa ba ta yi ba. Yaron bai san cewa sadalun nan yana cikin Mudawwana ta Imam Sahnun na Ƙairawan, wanda ya rasu a 854, kamar yadda ƙabalu yake da hadisansa ingantattu ba. Da ya san tarihi, da ya gaishe da baba da ladabi ya tattauna da shi. Mafi muni kuma, masu ɗaukar makamai da suka addabi Difa da Tillaberi da wannan gurguwar fahimta suke farautar matasa: suna ce musu da bindiga aka kafa addini, da ita za a dawo da shi. Matashin da ya san yadda addini ya iso gidansu ba zai sayi wannan ƙarya ba.

Daulolin duk sun wuce. Banu Umayya sun faɗi a 750. Bagadaza ta Abbasiyawa, wadda aka gina a 762, Mangolawa sun rushe ta a 1258. Garnaɗa ta faɗi a 1492, Sangai a 1591, Sakkwato ta shiga hannun Ingilishi a 1903. A Andalus babu sauran sarki Musulmi, amma waƙar malaminta ana rera ta a Maraɗi duk shekara. Shehu Usmanu da Abdullahin Gwandu da Bello da Nana Asma'u ma, abin da ya rage a hannunmu daga gare su littattafai ne da waƙoƙi, kuma jikokin waɗanda suka yaƙe su suna karanta su da girmamawa a Tsibiri.

Saboda haka ina da kira. Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta haɗa kai da fadar Sarkin Katsinan Maraɗi da ta Sarkin Gobir, a bi gidajen limamai da alƙalai da tsofaffin malamai, a ɗauki hoton rubuce-rubucen hannu da suke cikin gafaka da adaka kafin gara da damina su cinye su, a bar wa masu su kayansu. A naɗi muryoyin makaɗan fada da dattawan da suka haddace jerin sarakuna tun suna raye. Masu tsara karatun lakwal da na islamiyya su sa Korau da Magili da Ɗan Marina da Malam Jibrilu a gaban yara, yadda ɗan Maraɗi zai san su kamar yadda ya san Haruna Rashidu. Gidajen rediyonmu su ware ko da rabin awa a mako don wannan, su gayyato malamin zaure da malamin jami'a su zauna tare.

Ga masu wa'azi kuma, ƴan'uwana, ku ne magadan waɗancan fatake da malamai. Sun samu mutane a kan tsafi, suka zauna da su, suka yi ciniki da su da gaskiya, suka auri ƴaƴansu, suka karantar da jikokinsu, har Allah ya sa yau kiran salla yake tashi daga kowace unguwa. Ku kun samu mutane suna salla. Aikinku ya fi nasu sauƙi ƙwarai, don haka ba ku da uzurin kasa su haƙuri. Allah ya ba mu ikon gyarawa.