Wane ne Ya Faɗi Jarrabawar?

Duk shekara idan sakamakon jarrabawar kammala sakandare ya fito, akwai maganar da ba ta sauyawa a majalisun Bakura da Talata Mafara da Maradun. Dattijo zai kaɗa kai ya ce, "Yaran yanzu ba sa karatu." Ma'aikacin gwamnati ya ɗora da cewa wayar hannu ce ta lalata su. Wani kuma ya ce ai mu dama can ba mutanen boko ba ne. Daga nan sai hira ta koma kan farashin taki, an yanke wa yaro hukunci ba a ji ta bakinsa ba. Ni ban yarda da wannan hukunci ba, domin da yawa daga cikin alƙalan da suka yanke shi su ne ya kamata a gurfanar.

Kafin a tambayi abin da ɗalibi ya samu, ya dace a tambayi wane ne ɗalibin. Duk wanda ya leƙa makarantar jeka-ka-dawo ta gwamnati a cikin garuruwan nan ya san amsar. Zai tarar da ɗan manomin da yake sammako zuwa fadamar Bakolori kafin ya sa kayan makaranta, da ɗiyar mai ƙosai wadda sai ta sayar da na safe take samun kuɗin littafi. Zai tarar da maraya. A 'yan shekarun nan kuma zai tarar da yaran da iyayensu suka tsere daga ƙauyuka irin su Damri, wadda 'yan bindiga suka afka wa a 2022, suka zo suka raɓa a gidajen dangi, karatunsu ya yanke na shekara ɗaya ko biyu sannan aka cusa su a ajin da ya dace da tsayinsu. Wanda ba zai tarar ba shi ne ɗan wanda yake sa hannu a takardar kasafi. Wannan yana makarantar kuɗi a Gusau ko Sakkwato ko Kaduna ko Abuja. Hatta malamin da yake koyarwa a ajin, idan Allah ya hore masa, nasa 'ya'yan suna wani wuri. Ban ga laifinsa ba, kowa ya san zafin nasa. Amma makarantar da babu ɗan mai faɗa-a-ji ko ɗaya a cikinta, rufinta zai yaye damina uku ta wuce ba a samu wanda ya ɗaga murya ba.

Sannan ajin ma kansa yoyo yake yi. A aji ɗaya na ƙaramar sakandare sai ka rasa inda za ka sa ƙafa saboda cunkoso. Kafin a kai aji uku na babba, benci ya yi wa mutane yawa. Maza sun tafi haƙar zinare, ko acaba, ko cirani. Mata an yi musu aure, wasu kuwa iyaye sun janye su don tsoro. Saboda haka duk adadin da aka faɗa na waɗanda suka ci ko suka faɗi, adadi ne na 'yan ƙalilan da suka jure har ƙarshe. Waɗanda suka zube a hanya ba sa cikin lissafin kowa, kuma su ne mafi yawa.

Tsoron iyayen nan kuwa yana da dalili, kuma kowace ɗaya daga cikin ƙananan hukumomin uku ta ɗanɗana nata a cikin shekara guda. Ranar 26 ga Fabrairun 2021 aka kwashe ɗalibai mata daga makarantar kwana ta Jangebe a Talata Mafara, aka sako 279 bayan 'yan kwanaki. A watan Agusta aka shiga Kwalejin Aikin Gona da Kimiyyar Dabbobi ta Bakura, aka kashe masu gadi, aka tafi da ɗalibai da ma'aikata. Ranar 1 ga Satumba aka sace sama da 70 a makarantar jeka-ka-dawo ta Kaya a Maradun, daga nan gwamnati ta rufe makarantun jihar na tsawon watanni. Yarinyar da take aji ɗaya na babbar sakandare a wannan shekara, ga kullen korona na 2020 a bayanta, ita ce aka zaunar gaban takarda iri ɗaya da takwararta ta Legas, aka kuma yi mamakin bambancin da ya fito.

Wani zai ce to ai laifin 'yan bindiga ne. Da ma haka ne, da da sauƙi. Ba ɗan bindiga ba ne ya ci bashin hukumomin WAEC da NECO har suka riƙe sakamakon ɗaliban jihar na shekaru. Ba shi ya sa a 2022 hukumar WAEC ta sanar da cewa Zamfara da Sakkwato ba su gabatar mata da ɗalibai daga makarantun gwamnati ba. A duba wannan da kyau: yaro ya yi shekara shida yana zuwa makaranta, wani lokaci da yunwa, ya zo bakin gaɓa aka ce babu kwale-kwale. Wani ya rubuta, ya zauna jiran takardar da ba ta fito ba, har sa'o'insa na makarantun kuɗi suka yi nisa a jami'a. Wannan yaron bai faɗi jarrabawa ba. Ƙanensa da ya ga abin da ya faru da shi kuwa, da wane baki za a ce masa ya dage?

Tun kafin sakandare ma alamar ta bayyana. A 2013 an buga makin shiga makarantun haɗaka na tarayya: ɗan Anambra yana buƙatar 139, ɗan Zamfara 4, ɗiyarta kuwa 2. A 2018, lokacin da aka fara sanar da masu rajistar wannan jarrabawa, 28 kacal aka ƙirga daga jihar baki ɗaya. Da jaridun Kudu suka yi mana dariya, manyanmu sun fi jin zafin dariyar a kan abin da ya jawo ta.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, waɗannan garuruwa uku ba marayun mulki ba ne. Daga 1999 zuwa 2023 shekara 24 ke nan, kuma 20 daga cikinsu ɗan wannan yanki ne yake gidan gwamnati: Ahmad Sani Yariman Bakura daga 1999 zuwa 2007, Abdul'aziz Yari na Talata Mafara daga 2011 zuwa 2019, sai Bello Matawalle na Maradun daga 2019 zuwa 2023. Ba za mu ce an ware mu ba, ba kuma za mu ɗora wa baƙo ba. Gaskiya ne yankin yana da manyan makarantu: ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau, ga jami'ar jiha a Talata Mafara, ga kwalejin Bakura. To amma ƙofar kowacce tana neman kiredit biyar har da Turanci da Lissafi. Idan sakandaren da ke maƙwabtaka da jami'a ba ta da ƙwararren malamin Lissafi, ɗan unguwar zai shiga jami'ar ne a matsayin mai gadi ko mai tallan ruwa.

Iyaye ma suna da nasu. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Akwai uban da zai sayi babur na biyu amma bai san ajin da ɗansa yake ba, akwai kuma wanda zai cire ɗiyarsa saura zango ɗaya ta kammala. Sai dai manomi ba wawa ba ne. Mutumin da ya san lissafin buhun taki da buhun shinkafa, ya kuma ga babban ɗansa ya gama sakandare bai iya rubuta wasiƙa ba, lissafi ya yi kafin ya tura na biyu gona. Wa'azi a rediyo ba zai sauya masa lissafin ba sai ya ga makarantar ta haifi wani abu.

Gwamna Dauda Lawal ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Nuwamban 2023, gwamnatinsa ta biya basussukan jarrabawa, an saki sakamakon da aka riƙe, ana kuma gyaran gine-gine. Wannan abin a yaba ne. Amma fenti abu ne da ake gani daga kan titi, shi ya sa kowace gwamnati take son sa. Abin da nake nema ya fi shi arha. Kowace makarantar sakandare ta gwamnati a Bakura da Mafara da Maradun ta liƙa takarda a ƙofarta duk ƙarshen shekara: yara nawa suka shiga aji ɗaya shekara shida da suka wuce, maza nawa mata nawa, nawa suka kai ƙarshe, nawa aka yi wa rajista, nawa suka ci, malaman Turanci da Lissafi da kimiyya nawa ne suke zuwa aiki da ƙafarsu. A karanta ta a fadar sarki, a karanta bayan sallar Juma'a. A ƙasan takardar kuma a bar fili inda shugaban ƙaramar hukuma da kansila da sakataren ilimi za su rubuta sunan makarantar da nasu 'ya'yan suke zuwa.