Filin Yara: Mutumin Da Ya Ce Duniya Ce Ke Tafiya

A zamanin da jiragen ƙasa ke cika tashar Kafanchan, wadda ta zama mahaɗar hanyoyin dogo tun 1927, akwai wani abu da yakan ruɗa yaran da suka shiga jirgi karo na farko. Yaro na zaune a tarago yana leƙen wani jirgin da ke tsaye kusa da nasu, sai ya ga wancan ya soma ja da baya. Sai can ya waiwaya wajen masu tallan rake da gyaɗa, ya tarar an baro su nesa. Ashe nasu jirgin ne ya tashi, wancan kuwa ko motsi bai yi ba.

To, irin wannan ruɗin ne ya sami 'yan Adam shekaru dubbai game da rana. Mutumin Kafanchan yakan ga ta ɓullo da safe ta wajen duwatsun Kagoro, ta hau tsaka, ta faɗa yamma, ƙasa kuwa tana nan daram ƙarƙashin ƙafarsa. Haka masanan dā suka ɗauka. Babbansu, wani Bagirke mai suna Batlamusu da ya zauna a Iskandariyya ta Masar wajen shekara ta 150, ya tsara cewa duniya ce a tsakiya, rana da wata da taurari suna kewaya ta. A kan wannan aka zauna fiye da shekara 1,300.

Wanda ya tayar da maganar shi ne Nikolas Kofanikus. An haife shi a garin Torun na ƙasar Folan ran 19 ga Fabrairu, 1473. Yana ɗan shekara 10 mahaifinsa ya rasu, sai kawunsa, wanda daga baya ya zama bishop, ya ɗauki nauyin karatunsa. Ya yi jami'a a Karako, sa'an nan ya tafi Italiya ya karanta shari'a da aikin likita. Da ya komo gida ya kama aikin coci a wani ɗan garin bakin teku mai suna Forombok. Da rana yana duba marasa lafiya da lissafin gonaki, da dare kuma yana auna taurari da kayan awo na katako, don a lokacin ba a ƙago madubin hangen nesa ba.

Abin da ya dame shi wani tauraro ne ja, wanda malaman falaki ke kira Mirrihi. Shi dai Mirrihi yakan riƙa matsawa gabas kaɗan kaɗan a tsakanin sauran taurari. Amma kusan kowace shekara 2 sai ya tsaya, ya yi ta ja da baya makonni da dama, kana ya ci gaba da tafiyarsa. Don a bayyana wannan, sai da Batlamusu ya yi ta ɗora ƙananan da'irori a kan manya. Kofanikus ya ce a gwada sa rana a tsakiya mana. Nan da nan al'amarin ya warware: duniya da Mirrihi duk suna kewaya rana, amma hanyar duniya ce ta ciki, ta kuma fi sauri. Duk sa'ad da ta cim masa ta wuce shi, sai a ga kamar baya yake yi, daidai da yadda jirgin fasinja kan wuce na kaya. Shi kansa da jirgi ya ba da misali a littafinsa, sai dai nasa na ruwa ne, mai barin gaɓa.

Fitowar rana da faɗuwarta kuwa, ya ce duniya ce ke juyawa kamar katantanwa, sau ɗaya cikin sa'a 24. Lissafin yau ya nuna juyin nan na tafiya da garin Kafanchan gabas da gudun wajen kilomita 1,650 a sa'a guda. Ba mai jin haka, domin tafiyar ba ta da gargada, kuma iska da gidaje da duwatsu duk tare ake tafiya.

Ba shi kaɗai ya yi aikin ba. Ya ambaci Albattani a littafinsa, kuma masana sun gano lissafinsa na tafiyar wata ya yi daidai da na Ibnu Shaɗir, mai kula da lokutan salla a babban masallacin Dimashƙa, wanda ya rasu kusan shekara 100 kafin a haife shi. Sai dai Ibnu Shaɗir bai gusar da duniya daga tsakiya ba.

Tun wajen 1514 Kofanikus ya rubuta ra'ayinsa a 'yan takardu ya ba abokai, amma ya ƙi buga babban littafin kusan shekara 30, don gudun a mai da shi abin dariya. Masu musu kuwa ba wawaye ba ne. Sun ce in duniya na kewaya rana, ya kamata a ga taurari suna ɗan sauya wuri tsakanin damina da rani, ga shi ba a gani. Ya amsa cewa nisansu ne ya wuce misali, amma ba shi da abin da zai tabbatar.

A 1539 wani saurayin malamin lissafi mai suna Retikus ya zo daga Jamus, ya zauna da shi shekara 2, ya yi ta lallashinsa har ya yarda. Aka buga littafin a Nurambag cikin 1543. An ce ranar da aka kawo masa shi yana kwance, shanyewar jiki ta ci ƙarfinsa, ran nan kuwa ya cika, watau 24 ga Mayu.

Hujja ta zo a hankali. A 1610 Galileyo ya duba Zara matar wata da madubin hangen nesa, ya ga tana cika tana raguwa ta yadda ba zai yiwu ba sai in rana take kewayawa. Duk da haka a 1616 hukumar cocin Rum ta hana karanta littafin sai an gyara shi, ba a cire shi daga jerin haramtattu ba sai 1835. Ɗan motsin taurarin nan da aka ƙure Kofanikus da shi kuwa, sai a 1838 wani Bajamushe mai suna Besel ya iya auna shi, shekara 295 bayan rasuwarsa.