Malamin Ƙauye da Kayan Gyaran Keke

Malamin da ke tasowa daga Kafin Hausa zuwa makarantar ƙauye a wajen Bulangu, kekensa shi ne ƙafarsa. Hanya ce mai rairayi da ƙaya, kuma ba ko'ina ake samun mai faci ba. Idan taya ta sace a daji, darasin farko ya salwanta.

Saboda haka, ya kamata tun daga albashin farko ya tanadi famfo da sholisho da robar faci da sifana da filaya. Kada araha ta ruɗe shi, domin sifana marar ƙwari cinye kan noti take yi, har ƙaramin gyara ya gagara. Gara kaɗan masu inganci da tarin jabu.