Sharhi: Ƙurar da ke tsakanin taurari da giɓin da rufe SOFIA ya bari

A watan Maris na 2025 hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta harba na'urar hangen nesa mai suna SPHEREx daga jihar Kalifoniya. Ɗaya daga cikin manyan ayyukanta shi ne auna ƙanƙarar da ke manne a jikin ƙwayoyin ƙura, cikin gizagizan iskar gas masu tsananin sanyi inda ake haihuwar taurari.

Shekaru da dama masana taurari sun ɗauki wannan ƙura a matsayin cikas. A 1930 Robert Trumpler ya nuna cewa tana dusashe hasken taurarin da ke nesa, har ta ɓata lissafin nisansu. Nauyinta bai wuce kashi 1 cikin 100 na abin da ke tsakanin taurari ba, amma yanzu an gane cewa ita ce maƙerar. A bayan ƙwayoyinta ne zarrar haidirojin ke haɗuwa biyu-biyu, kuma ita ce ke tare zafin haske har gajimaren ya huce, ya dunƙule, ya zama tauraro da duniyoyinsa.

Hujja mafi ƙarfi ta fito a Janairun 2023. Ayarin da Melissa McClure ta Jami'ar Leiden ta jagoranta ya karkata na'urar James Webb zuwa gajimaren Chamaeleon I, mai nisan tafiyar haske ta kimanin shekara 630. A can, cikin sanyin da ya kai kusan digiri 263 ƙasa da sifiri, sun gano ƙanƙarar ruwa, amoniya, methen da methanol. Wannan ba ya nufin an kusa gano rai. Abin da aka tabbatar shi ne cewa kayan haɗin suna nan tun kafin a haifi tauraron, kuma hakan ma ba ƙaramin abu ba ne.

Sai dai akwai matsala. Webb da SPHEREx suna gane ƙanƙarar ne ta yadda take shanye hasken taurarin da ke bayanta. Ita kuwa ƙura mai sanyi tana fitar da nata haske mai dogon zango, wanda ya fi ƙarfin Webb, kuma iskar duniyarmu na tare mafi yawansa. Na'urar Herschel ta Turai da ke ganin irin wannan haske ta tsaya a Afrilun 2013, bayan iskar hiliyom da ke sanyaya ta ta ƙare. SOFIA, wadda Amurka da Jamus suka ɗora a cikin jirgin Boeing 747, ita ma an rufe ta a Satumban 2022, bisa dalilin cewa sakamakonta bai kai kuɗin da take ci ba.

Wataƙila hujjar kuɗin na da tushe, amma rufe ta ba tare da magajiya a hannu ba kuskure ne. Cibiyar ALMA da ke hamadar Atacama a ƙasar Chile na cike wani ɓangare na giɓin daga doron ƙasa. Sauran kuwa, masu nazarin yadda gizagizan ke hucewa sun koma tonon tsofaffin bayanan Herschel da SOFIA, alhali ƙera sabuwar na'ura irin wannan kan ɗauki shekara goma ko fiye.